Ambaliya ta rushe gidana, banki kuma bai daina cire kuɗin jingina ba

Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a Maiduguri, shekarata 42, ina da mata ɗaya da yara biyar. A 2018 na sayi gida mai ɗaki uku da falo da bashin asusun gidaje na ƙasa, NHF, ta hannun wani bankin jinginar gidaje. Naira miliyan 8 aka ba ni in biya cikin shekara 20, kuma ana cire kimanin 57,000 duk wata daga albashina na 240,000. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya kwana biyar a gidan. Ɗakuna biyu na baya sun zube, bangon falo ya tsage, ƙofofi ma ba sa rufuwa. Tun lokacin muna zaune a gidan surukina. Ban sanar da banki ba, don ina tsoron su ce abin jinginar ya lalace, su nemi kuɗinsu gaba ɗaya. Magini ya ce a rushe duka a sake, zai ci miliyan 14. Wani banki ya yi mini tayin miliyan 6 a kan albashina. Matata ta ce in sayar da gwal ɗinta, yayana kuma ya ce zai kawo miliyan 4 amma rabin gidan ya zama nasa. Raina ba ya son ƙara bashin ruwa, kuma kunyar zaman gidan suruki ta ishe ni. Ta ina zan fara?

Mai neman mafita, Maiduguri

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya mayar da alheri, Ya sa kaffara ce. Magidanci ya ga ana cire kuɗin gidan da ba ya kwana a ciki, ya kuma dawo da yamma ya yi sallama a ƙofar suruki, abu ne mai ci a rai. Amma ka lura, kunyar nan ita ce ke tura ka wajen bashin miliyan 6, kuma cikin duk hanyoyin da ka lissafo babu mai hatsarinta. Zan dawo kanta. Bari mu fara da bankin da kake gudu.

Takardar shaidar mallakar gidan, wato C of O, tana hannunsu, don haka har ka gama biya kai da su kuke da haƙƙi a wannan gini. Ka ɗauko takardar tayin bashi da yarjejeniyar jinginar da ka sa wa hannu a 2018 ka karanta a natse. Galibin irin waɗannan takardu suna ɗora wa mai gida abu uku: ya kula da ginin, ya bar shi cikin inshora, kuma kada ya rushe ko ya sauya fasalinsa sai da izinin banki a rubuce. Ambaliya ba laifinka ba ce, duniya ta shaida abin da ya faru a Maiduguri ranar 10 ga Satumba. Abin da zai zama laifinka shi ne ka kawo lebura su baje sauran ginin ba tare da saninsu ba. Kuma ka kwantar da hankalinka a kan batun neman kuɗinsu gaba ɗaya. Bankin da albashinka ke biyansa kowane wata ba tare da fashi ba, ba shi da wata riba a karɓe kango ya kai kasuwa. Burinsa gidan ya tashi, domin shi ne madogararsa.

Saboda haka ka rubuta musu wasiƙa, kada ka tsaya a kan waya ko hira da wani da ka sani a ciki. Ka faɗi ranar da ruwa ya shiga, abin da ya zube da abin da ya tsage, ka haɗa da hotuna, har da na alamar da ruwa ya bari a bango, ka kai kwafi biyu a buga maka hatimin karɓa a ɗaya. A cikin wasiƙar ka nemi su ba ka lissafin abin da ya rage a kanka zuwa yau, da kwafin takardar inshorar gidan, da shaidar cewa an biya kuɗin inshorar shekarar 2024. Lissafin zai iya ba ka mamaki. A kan ruwan kashi 6 cikin ɗari na NHF, wanda ya biya 57,000 har shekara shida ya zuba sama da miliyan 4, amma uwar kuɗin ba ta ragu da abin da ya wuce miliyan ɗaya da rabi ba, domin a shekarun farko ruwan ne ke cinye mafi yawan abin da ake cirewa. Ke nan lokacin ambaliyar ana bin ka kusan miliyan 6 da rabi.

Inshorar nan ita ce ƙofar farko, kuma ban ga ka ambace ta a wasiƙarka ba ko sau ɗaya. Bashin jinginar gida ba ya fita sai an ɗaura masa inshorar gini, mutane da yawa kuma suna biya ba su sani ba, don banki ke cirewa ya tura wa kamfani. Idan takardar ta zo hannunka, ka duba ko gobara kaɗai ta ɗauka, ko an haɗa da sauran bala'o'i irin su ambaliya da guguwa. Ka duba ko an sabunta ta, domin ƙa'idar inshora a Najeriya ita ce idan ba a biya kuɗin shekara ba, babu kariya. Idan ya tabbata banki ya cire kuɗin daga gare ka amma bai tura ba, wannan nauyi ya koma wuyansa, kuma kana da hujjar kai ƙara. Sai adadin da aka sa wa gidan. Nan ne mutane ke shan kashi: in an rubuta miliyan 10 tun 2018 ba a taɓa ɗagawa ba, alhali sake gina shi yau zai ci miliyan 20, kamfanin zai ce rabin gidan ka ba shi amana, don haka asarar miliyan 6 zai biya miliyan 3, ya kuma cire ɗan kason da takardar ta ce kai za ka ɗauka.

Ba zan ɓoye maka ba, shirun da ka yi ya raunana ka, domin takardun inshora suna so a ba da sanarwa cikin 'yan kwanaki. Duk da haka ka shigar da buƙatar, ka bayyana cewa an raba ka da muhallinka kuma ba a taɓa damƙa maka takardar ba, in haka ne. Kamfani zai turo mai tantance asara, kuma abin da ya gani da idonsa shi zai rubuta, wannan ma dalili ne na kada a kwashe ɓaraguzai kafin ya zo. Idan sun ƙi biya, su ba ka dalili a rubuce, ka kai wa hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM. Idan bankin ne ya yi maka kunnen uwar shegu, Babban Bankin Najeriya yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, amma sai ka nuna ka fara kai kuka ga bankin. Abu ɗaya kuma ka tsaya a kai: kuɗin inshora yakan faɗa hannun banki ne, kuma yana iya cewa zai rage bashi da shi. Ka nemi a rubuta cewa gini za a yi da shi, a riƙa sakar maka kashi-kashi yadda aiki ke tafiya. Rage bashin kashi 6 da wannan kuɗi, sannan ka je ka ciwo na kashi 30 don gini, ɓarna ce tsagwaronta.

Yanzu maganar magini. Ba na zargin mutumin, sai dai wanda zai samu kwangilar sake gini ba shi ya kamata ya yanke hukuncin rushewa ba. Ka nemi injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniyoyi ta ƙasa, ya duba, ya rubuta rahoto ya sa hatiminsa. Banki da kamfanin inshora duk za su nemi wannan rahoto, don haka kuɗinsa ba asara ba ne. Zai sa a haƙa rami biyu ko uku a gindin bango a ga fandisho, ko ruwa ya zaizaye ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Zai bambanta tsagar da ta tsaya a filasta, wadda ƙwanƙwasawa kaɗai ke nunawa, da tsagar da ta ratsa bulo ta hau a karkace kamar matakala daga kusurwar taga, ta fi faɗi a sama. Ƙofofin da ba sa rufuwa suna iya zama kumburin katako ne kawai, suna kuma iya zama alamar wani ɓangare ya nutse. Sau da yawa ana iya ƙarfafa fandishon ɓangare ɗaya, a haƙa ƙarƙashinsa kaɗan-kaɗan, kamar mita ɗaya a lokaci guda, a zuba kankare, gini ya tsira. Daga nan sai mai ƙididdigar kuɗin gini ya fitar maka da lissafi dalla-dalla, buhu nawa, rodi nawa, yashi tifa nawa, kuma ya raba shi mataki-mataki. Miliyan 14 da aka faɗa da baki ba lissafi ba ne.

Kafin ka sayi ko buhu ɗaya, ka leƙa hukumar tsara birane ta jiha da hukumar filaye ta BOGIS ka tabbatar filin ba ya kan hanyar ruwa ko gaɓar kogin Ngadda. Alau ta taɓa yin wannan ta'asa a 1994, ta sake bayan shekara talatin. Idan filinka na cikin inda aka hana gini, duk wannan lissafi ya sauya, abin da ya rage shi ne kai da banki ku zauna a kan diyya ko musayar fili.

Mu dawo kan miliyan 6. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5, bankunan kasuwanci kuma suna ba mutum irinka a wajen kashi 30 ko fiye. Miliyan 6 a kan kashi 30 cikin shekara uku yana nufin biyan kusan 255,000 duk wata, fiye da albashinka baki ɗaya, kuma a ƙarshe ka biya sama da miliyan 9. Ko an ja shi zuwa shekara biyar, yana nan a wajen 194,000. Ƙa'idar da ake bi ita ce abin da ake cirewa na bashi kada ya wuce kashi ɗaya bisa uku na albashi. Naka 80,000 ke nan, jingina ta riga ta ɗauki 57,000, saura 23,000. Wannan 23,000 ita ce gaskiyar ƙarfinka, duk wani bashi da ya fi ta daga bakin yara za a cire shi. Kuma tun 2020 akwai tsarin da ke ba banki damar bin lambar BVN ɗinka ya kwashi kuɗinsa daga kowane asusu naka in ka gaza. Manhajojin ba da bashi na waya kuwa, kada ma ka sauke su.

Za ka kuma ji wasu na cewa ka bari wani banki ya biya bashin NHF ɗin, ya karɓi C of O, ya ba ka sabon bashi babba da zai haɗa da gini. A ƙasar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamban 2024, bashin kashi 6 shi ne kuɗi mafi arha da za ka taɓa riƙewa. Kada ka bari a musanya maka shi. Jingina ta biyu a kan gidan ma ba abu ne mai sauƙi ba, tana buƙatar yardar bankin farko da amincewar gwamna bisa dokar filaye ta 1978, kuma ba kasafai wani banki ke yarda ya tsaya a bayan wani a layi ba.

To me za ka iya samu daga bankinka? Ka nemi su ɗaga maka ƙafa na wata shida. Wannan zai bar maka kimanin 340,000 a hannu, amma ka sani ruwan yana ci gaba da taruwa, wajen 32,000 duk wata, don haka a rubuta yadda za a biya shi daga baya. Tsawaita wa'adi kuma ba zai yi maka abin da kake zato ba. Shekara 18 suka rage ka kai 60, in an shimfiɗa miliyan 6 da rabi a kansu biyan wata zai sauko zuwa wajen 49,000, ragin 8,000 kacal. Ba laifi, amma ba shi zai tada gida ba. Abin da ya fi dacewa da aljihunka shi ne bashin gyaran gida na Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya, FMBN, wanda ake ba masu zuba kashi 2.5 na albashinsu a NHF. An daɗe ana ba da har miliyan ɗaya a kan kashi 6 cikin shekara biyar, biyan wata wajen 19,300, wanda ya shiga cikin 23,000 ɗinka daidai. Ka je ofishinsu na Maiduguri ka tambayi iyakar da ake bayarwa yanzu, da kuma ko mai tsohon bashin NHF da bai taɓa fashin biya ba zai iya haɗa biyun. Ƙungiyar gama kai ta wurin aikinku ma ka duba, da yawansu suna ba mamba ninki biyu na ajiyarsa, wasu ba ruwa sai ɗan kuɗin hidima. Kada ka ɓata takalmi a kan kashi 25 na kuɗin fansho: ƙa'idar hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta 2022 ta ware shi ne don kuɗin gaba na mai sayen gida da jingina, bai shafi gyara ba. Ajiyarka ta NHF ma sai ka yi ritaya ko ka kai 60 ake mayarwa.

A kan rashin son ruwa, ina tare da kai, kuma akwai hanya. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, suna yin murabaha: banki ya sayi siminti da rodi da kwano, ya sayar maka da riba sananniya, ka biya a hankali. Ya fi kwantar da rai, kuma yana da fa'idar cewa kaya ne ke zuwa, ba tsabar kuɗin da za a yi ta gutsura ana hidimar gida ba. Amma ribar tasu tana bin yanayin kasuwa, ba sadaka ba ce, kuma ita ma cikin 23,000 ɗin nan za ta fito. Ka ce a rubuta maka jimillar abin da za ka biya da na kowane wata kafin ka kwatanta.

Sai 'yan gida, inda kuɗin gaske yake kuma inda ake ɓatawa. Yayanka bai yi rashin kirki ba. Wanda ya ba da miliyan 4 yau ya san in aka mayar masa da ita bayan shekara biyar ba za ta sayi abin da take saye yanzu ba, shi ya sa yake neman abin riƙewa. Sai dai ba ka da ikon ba shi rabin gidan da ke jingine ba tare da banki da gwamna sun amince ba, kuma rabi ya yi yawa in ba a kimanta ba. Ga mafita: ya ranta maka kaya maimakon kuɗi. Ya sayi buhun siminti ɗari biyu, ko rodi tan kaza, a rubuta cewa irinsu za ka mayar ko kuɗinsu a farashin ranar biya. Ta haka darajar dukiyarsa ba ta zube ba, kai kuma gidanka bai rabu ba. Ka kai wa malamin da kuka yarda da shi ya duba lafazin. In kuwa shi tarayya yake so, a kawo mai kimanta gidaje ya faɗi darajar fili da ginin, a fitar da kasonsa daidai da abin da ya zuba, lauya ya rubuta, banki ya sani. Abin da aka bari a baki tsakanin wa da ƙane, 'ya'yansu ne ke zuwa kotu a kansa ranar rabon gado.

Gwal ɗin uwargida kuwa, nata ne, kuma shi ne abin da iyalinka za su jingina da shi in ciwo ya zo ko albashi ya makara. Ka gode mata, ka bar shi a ƙarshen layi. In ya zama dole, a kai kasuwa a auna a gabanta, a rubuta giram nawa ne kuma wane irin gwal, da shaidu biyu, a matsayin rance da za ka mayar da gwal, ko kuma kaso a gidan da sunanta. Ayar bashi a Suratul Baƙara ba ta cire miji da mata ba. Surukinka ma yana cikin lissafi. Ka zauna da shi ka faɗa masa watan da kake sa ran tashi, ka kuma ɗauki wani abu sananne na cefane ko kuɗin wuta. Yawancin nauyin zaman nan daga rashin sanin ranar ƙarewarsa yake. Kuma kada ka raina taimakon da ya halatta gare ka. Mai bashi yana cikin waɗanda Alƙur'ani ya ambata a rabon zakka, kuma wanda bala'i ya cinye dukiyarsa an yi masa rangwamen neman taimako har ya tsaya da ƙafarsa.

Idan injiniya ya ce gaban gidan zai tsira, ka manta da ɗakuna uku a yanzu. Matakin farko shi ne fandisho, falo, ɗaki ɗaya, bayi da kicin, ku koma. Kafin a taɓa komai a cire kwano da katako da tagogi da ƙofofin ƙarfe a adana, ɓaraguzan kuma su ne cikonka. Wayoyin wuta da soket ɗin da suka kwana a ruwa a sauya su, sokawe a duba ko ta rufta. Ɗakunan baya in lokacinsu ya zo, ɗaki mai ƙafa 12 da 12 yana cin bulo wajen 400 daga difisi, wato inda bango ke tashi a kan fandisho, zuwa rufi, kuma a ɗaga daɓensu ya haura titi da aƙalla santimita 60, a ɗaure ginin da linta zagaye. Inda aka fi cutar mai gini shi ne bulo. Buhu ɗaya bai kamata ya fitar da bulo mai inci 9 fiye da 30 ba, amma masu bugawa suna kai shi 45, kuma irin wannan ne ke narkewa in ya kwana a ruwa. Ka sa a buga maka a gabanka in za ka iya, a yi ta ba shi ruwa kwana bakwai. Ka ɗaga ɗaya zuwa ƙirji ka sake shi, in ya wargaje kada ka karɓa. Kankaren ginshiƙi da linta a kwaɓa shi siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Magini kuma a biya shi bayan kowane mataki, ba kafin ba, ka riƙe kashi 10 har sai an gama an duba, kuma ka ware wani kashi 10 zuwa 15 na lissafin saboda tashin farashi.

In rahoton ya ce babu abin da zai tsira, kuma inshora ba ta biya ba, sayarwa ba abin kunya ba ne. Ana yinta da sanin banki: mai saye ya biya su abin da ya rage, su saki C of O, rarar ta zo hannunka. Ka dai tabbatar kuɗin da aka taya ya haura bashin, domin in bai kai ba cikon yana nan a wuyanka. Wannan shawara ce ta bayan rahoto. A wannan makon, ka rubuta wasiƙar banki ka kai, ka kira injiniya, ka kuma ce wa magini ya dakata da guduma.